IBN KHALDUN: MAI KARƁAR HARAJIN DA YA GANO CIWON HARAJI

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai karɓar haraji ya san irin lissafin da zuciya takan yi a wannan lokaci. Nawa na samu bana, nawa za a karɓe, abin da zai rage kuma ya kai a sake shan wahala baɗi? Masanan tattalin arziki na wannan zamani sun mai da wannan lissafi wani babban fanni na bincike, inda suke auna yadda manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci ke sake hali idan hukuma ta ƙara haraji ko ta rage, ko kuwa ta sa hannu cikin sha'anin ƙwadago. To, mutumin da muka kawo muku tarihinsa a wannan fili ya riga su yin tsokaci a kan haka da fiye da shekara 500. Shi ne Abdurrahman ɗan Muhammadu, wanda duniya ta fi sani da Ibn Khaldun, mai littafin Muƙaddima. Abin da ya sa maganarsa ta yi nauyi kuwa shi ne ba a zauren karatu kaɗai ya koyi zancen haraji ba. Ya taɓa fita da mayaƙa ya karɓo shi da ƙarfi daga hannun jama'a, gidansu kuma ya ɗanɗani ƙwacen sarakuna tun kafin a haife shi.

GIDAN SARAUTA DA ILMI

An haife shi a birnin Tunis ran 27 ga watan Mayu 1332, wanda ya yi daidai da 1 ga Ramalan shekara ta 732 bayan Hijira. Asalin gidansu daga Hadramaut ne ta ƙasar Yaman, amma kakanninsa sun yi ɗaruruwan shekaru a Andalus, wato ƙasar Sifen ta yanzu, inda suka zama manya a birnin Ishbiliya. Da suka ga alamar birnin zai faɗa hannun sarakunan Kirista, abin da kuwa ya auku a 1248, sai suka ƙetaro teku, daga bisani suka zauna a ƙarƙashin sarakunan Banu Hafs na Tunis, waɗanda suka karɓe su hannu biyu. Kakan mahaifinsa, Abubakar Muhammadu, har ya riƙe muƙamin mai kula da kuɗin daular baki ɗaya. Ƙarshensa bai yi kyau ba. Wani ɗan tawaye mai suna Ibn Abi Umara da ya ƙwace gadon sarauta ya kama shi, ya kwashe dukiyarsa, ya sa aka gana masa azaba, sa'an nan aka shaƙe shi a kurkuku a 1283. Mahaifin Ibn Khaldun dai bai bi hanyar fada ba, ya rungumi karatu da ibada.

Yaron ya haddace Alƙur'ani, ya karanta Larabci da hadisi da fiƙihun Malikiyya. A 1347 Sarkin Maroko, Abul Hasan na gidan Banu Marin, ya ci Tunis da yaƙi, ya zo da ayarin malamai, cikinsu har da Al-Abili wanda ya koya wa Ibn Khaldun lissafi da manɗiƙi da falsafa. Ba a daɗe ba sai babbar annobar nan da ta ratsa Asiya da Turai da arewacin Afirka ta iso Tunis, tsakanin 1348 da 1349. Ta ɗauke masa uwa da uba da malamansa da yawa, shi kuwa bai cika shekara 18 ba. Ya bayyana daga baya yadda birane suka zama kango, hanyoyi suka shafe, dauloli suka raunana. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya bukatar a faɗa masa cewa arzikin ƙasa yana rataye ne da hannayen da ke aiki a cikinta.

DAGA WANNAN FADA ZUWA WACCAN

Yana ɗan shekara 20 ya sami aikinsa na farko a fadar Tunis, aikin rubuta kalmomin godiya ga Allah da manyan baƙaƙe tsakanin Bisimilla da sauran wasiƙar sarki. Aikin ya yi masa kaɗan. Ya sulale ya nufi yamma, ya isa Fas a 1354, ya shiga cikin magatakardan Sarki Abu Inan. A 1357 aka zarge shi da ƙulla makirci, aka jefa shi kurkuku, bai fito ba sai bayan mutuwar sarkin, ya share kusan shekara 2 a ɗaure. Ya sake samun shiga a zamanin Sarki Abu Salim, sa'an nan a 1362 ya ƙetara zuwa Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus. Sarkinta Muhammadu na Biyar ya aike shi jakadanci wurin Sarkin Kastil, Pedro, a 1364, a birnin Ishbiliya na kakanninsa. Pedro ya yi masa tayin ya zauna a mayar masa da gonakin gidansu, ya ƙi.

Gaskiya ita ce Ibn Khaldun na waɗannan shekaru ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai son girma, mai saurin sauya ubangida idan ya ga rana ta juya, kuma zamanin ma na haka ne.

A 1365 tsohon abokinsa Abu Abdullahi ya hau sarautar Bijaya, wani birni na bakin teku a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya kira shi ya ba shi muƙamin da ya fi kowane girma a fada, wato ya zama kamar waziri. Da safe yana gudanar da mulki, in ya tashi ya wuce masallacin fada ya karantar. A nan ne ya ga cikin tukunyar haraji. Ya tara wa sarkin kuɗi masu yawa, sarkin ya rabar da su duka ga ƙabilun Larabawa don su taya shi yaƙi da ɗan'uwansa Abul Abbas, Sarkin Kusanɗina, aka kuma ci shi da yaƙi, ya komo baitulmali ba ko anini. Sai Ibn Khaldun da kansa ya hau duwatsun Bijaya wurin ƙabilun Barbar da suka yi shekaru ba su biya haraji ba, ya kutsa ƙasarsu, ya kama mutanensu ya riƙe a matsayin jingina, har sai da aka biya kuɗin cif. Shi da kansa ya ba da wannan labari a tarihin rayuwarsa da ya rubuta.

Kuɗin ba su ceci sarkin ba. Abu Abdullahi mutum ne mai tsanani ga talakawansa, suka juya masa baya, Abul Abbas ya kashe shi a 1366. Ibn Khaldun ya fita ya miƙa wa mai nasara birnin. Bayan nan ya yi shekaru yana yawo tsakanin Biskira da Tilimsan da Fas, sarakuna suna amfani da shi wajen jawo ƙabilun jeji su shiga rundunarsu, domin ba wanda ya kai shi sanin hanyar shawo kansu.

WATA BIYAR A CIKIN ƘAUYE

A 1375 ya gaji. Ya nemi mafaka wurin ƙabilar Aulad Arif, suka sauke shi da iyalinsa a wani gida mai ganuwa da ake kira Ƙal'atu Ibn Salama, kusa da garin Firenda na Aljeriya ta yanzu. Ya yi kusan shekara 4 a can, ba fada, ba kasuwa, ba tarin littattafai. Ya ɗauri niyyar rubuta tarihin duniya, amma ya ga kafin a ba da labarin dauloli ya kamata a san dokokin da ke tashe su da masu kayar da su. Gabatarwar da ya yi wa littafin, wadda ya gama zubinta na farko cikin wata 5 a shekarar 1377, ita ce Muƙaddima, kuma ta fi uwar littafin suna nesa ba kusa ba.

Ginshiƙin littafin shi ne abin da ya kira asabiyya, wato haɗin kai da kishin juna irin na mutanen da wuya ta haɗa. Da ita mutanen jeji ke cin birni su kafa daula, jin daɗin birni kuma ya cinye ta a hankali, har a wajen jikoki a tarar ba sauran komai sai ado. Ya ƙiyasta cewa daula ba ta cika wuce shekara 120 ba. A cikin wannan bayani ne ya saka zancen haraji, kuma a nan za mu ɗan daɗe.

Ya lura cewa a farkon daula abin da ake aza wa kowane mutum kaɗan ne, amma jimlar da ke shiga baitulmali mai yawa ce. A ƙarshen daula kuwa sai abin ya juye, a aza wa kowa kaya mai nauyi, jimlar ta zama kaɗan. Dalilin da ya bayar shi ne sababbin masu mulki bukatunsu ba su da yawa, sukan tsaya a kan abin da Shari'a ta yanka, zakka da harajin ƙasa da jiziya, waɗanda ke da iyakar da ba a ƙetarewa. Manomi ya ga abin da ya noma zai zauna a rumbunsa, sai ya ƙara gona. Gonaki suka yi yawa, masu biya suka yi yawa, sarki ya samu. To, da 'ya'ya da jikoki suka saba da tufafi masu tsada da manyan gidaje da barori, ga kuma sojan haya da sai an biya su tunda kishin farko ya mutu, sai a fara ƙari. A ƙara a kan gona, a ƙara a kan dabba, a kafa kuɗin fito a ƙofofin gari, a aza haraji a kan duk abin da aka sayar a kasuwa.

Wani abin lura da ya faɗa, wanda sai wanda ya yi aikin zai sani, shi ne ba a yin ƙarin nan rana ɗaya. Kaɗan-kaɗan ake yi, har talaka ya kasa tuna wanda ya fara aza shi, ya ɗauka haka aka gada. Ana nan sai a kai inda mai gona zai auna wahalarsa da abin da za a karɓe da ɗan abin da zai rage masa, ya ga babu riba, sai ya janye hannu. Kuɗin shiga su ragu. Masu mulki kuwa, maimakon su gane, sai su ƙara a kan waɗanda suka rage don cike giɓi, su ma su janye. Haka za a yi ta yi har ƙasa ta lalace, daula ta bi ta. Saboda haka ya yanke cewa babu abin da ke zaburar da mutane su raya ƙasa kamar a sauƙaƙa abin da ake aza musu gwargwadon iko.

Mai karatu zai ga cewa ba a kan aljihun talaka kaɗai ya gina maganar ba, a kan sa ransa ya gina ta. Mutum yana noma ne don yana sa ran ci. Duk abin da ya kashe wannan sa rai, ko an kira shi haraji ko ba a kira shi ba, aikinsa ɗaya ne. Shi ya sa ya faɗaɗa ma'anar zalunci ta wuce ƙwace a fili. Wanda ya karɓi abin da ba hakkinsa ba, da wanda ya aza abin da Shari'a ba ta aza ba, da wanda ya hana mutane hakkinsu, duk azzalumai ne a wurinsa, kuma daula ce ke biyan bashin abin da suka yi.

Don ya fito da wannan fili ya kawo wani tsohon labari daga littafin Mas'udi, na Sarkin Farisa Bahram ɗan Bahram. Sarkin ya ji kukan mujiya, ya tambayi babban malamin addininsu ma'anarsa. Malamin ya gaya masa wai namijin mujiya ne ke neman aure, macen ta yanka masa sadakin kufai 20 na ƙauyukan da suka watse, shi kuwa ya yi mata alkawarin 1,000 muddin wannan sarki ya daɗe a kan gado. Da sarki ya nemi bayani, sai malamin ya nuna masa cewa ya ƙwace gonaki daga masu su ya ba fadawansa, fadawan suka ci na kusa suka bar gyara, aka kuma ɗauke musu haraji saboda kusancinsu da sarki, nauyin duka ya koma kan sauran manoma, su kuwa suka gudu. Wato ba yawan haraji kaɗai ke watsa ƙauye ba, har da ɗauke wa na gaban goshi a jibga wa marar gata.

GUMIN MA'AIKACI

A kan ƙwadago ma maganarsa a fili take. Ya ce duk wata riba da dukiya asalinsu aikin ɗan Adam ne, ko rijiya ce sai an haƙa ta take ba da ruwa. Ma'aikaci ba shi da wata dukiya sai ƙarfinsa, saboda haka sarkin da ya sa mutane aikin tilas ba lada ya ƙwace musu jarinsu ne ɗungum, kuma ya sa wannan cikin mafi munin zalunci. In abin ya yawaita sai mutane su daina ƙoƙari gaba ɗaya. Ya kuma soki sarkin da ke shiga noma da fatauci da kansa. Ba mai iya gasa da shi, zai saya da arha don ana tsoronsa, ya tilasta wa 'yan kasuwa su sayi nasa da tsada, jarinsu ya narke, alhali ɗan abin da zai samu bai kai harajin da zai rasa ba idan kasuwa ta mutu.

Ya gane kuma cewa wanda aka karɓi haraji a hannunsa ba lalle ne shi ke biya ba. Ɗan kasuwa yakan zuba kuɗin fito da na ƙofa a cikin farashin kaya, mai saye ya biya bai sani ba, shi ya sa kaya suka fi tsada a birni. Ya gwada birane da juna, ya ce alƙalin Fas ya fi alƙalin Tilimsan samu, haka ɗan kasuwa da mai sana'a, domin inda mutane suka fi yawa aiki ya fi yawa, bukata ta fi yawa, ladan aiki ya fi tsoka. Har mabarata bai bari ba. Ya ce ya ga masu bara a Fas suna roƙon kuɗin sayen dabbar layya, abin da in wani ya roƙa a Tilimsan korarsa za a yi.

Akwai wani ɓangaren kuma da masu ambatonsa a yau suka fi tsallakewa. Ibn Khaldun ya ɗauki hukuma a matsayin babbar kasuwa, uwar sauran kasuwanni. Idan sarki ya ƙulle kuɗi a taska, ko ya rage abin da yake ba sojoji da ma'aikata, su ma za su rage saye, ciniki ya yi sanyi, riba ta ragu, harajin da ke dawowa wurin sarki ya ragu. Kuɗi a wurinsa abu ne mai kai da komowa tsakanin mai mulki da talakawa, in ya tsaya a wuri ɗaya kowa ya yi asara.

Ba da ka yake magana ba. Ya kawo jerin kuɗin da lardunan daular Abbasiyya ke aikawa Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, ya kuma gargaɗi masu tarihi a kan ƙarin gishiri, yana cewa in aka bincika adadin sojoji ko dukiyar da ake yayatawa a wurin masu riƙe da littattafan hukuma, sau da yawa ba a samun ko ushirinsa.

Har ƙasashenmu na Afirka ta Yamma ya taɓo. Jerin sarakunan Mali da masana tarihi ke dogara da shi a yau daga littafinsa aka samo shi, kuma wani ɓangarensa ya ji ne daga bakin Shaihu Usman, wani malamin fiƙihu na mutanen tsohuwar Gana, wanda ya sadu da shi a Masar a 1394. A ciki ya ba da labarin Sarki Mari Jata na Biyu, wanda almubazzaranci ya kai shi ga sayar wa fataken Masar wani ƙaton curin zinariya na gadon gidansu da arha, ya bar daular a raunane, ciwon barci ya kashe shi. Sai dai kuma dole a faɗa, a wasu wurare na Muƙaddima ya maimaita maganganun ƙasƙanci a kan baƙar fata da ya gada daga littattafan magabata, bai sa musu ma'aunin binciken da shi kansa ya kafa ba.

MASAR DA TAIMUR

Ya koma Tunis a 1378 don neman littattafai, hassadar malamai da fadawa ta hana shi sakat, musamman tsakaninsa da babban malamin nan Ibn Arafa. A 1382 ya nemi izinin tafiya Hajji, ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariyya, bai sake komawa gida ba. A Alƙahira ya karantar a masallacin Azhar, Sarki Barƙuƙ ya naɗa shi alƙalin alƙalan Malikiyya a 1384. Ya shiga aikin da zafi, ya tasar wa shaidun zur da masu cin dukiyar waƙafi, ya tara maƙiya. A wannan shekara jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya, matarsa da 'ya'yansa mata suka rasu. Bai cika shekara a kan kujerar ba aka sauke shi. Ya sauke farali a 1387. Sau 6 ana naɗa shi wannan alƙalanci kafin ƙarshen rayuwarsa.

Yana kusa da shekara 70 ya raka Sarki Faraj, ɗan Barƙuƙ, zuwa Dimashƙa don tare Taimur, mayaƙin nan na Samarƙand da ya riga ya rushe birane da yawa. Faraj ya ji ƙishin-ƙishin juyin mulki a gida, ya juya ya bar birnin a kewaye. A watan Janairu 1401 aka zura tsohon malamin da igiya ta kan ganuwa, ya tafi sansanin Taimur. Ya yi fiye da wata guda yana kai da komowa wurinsa, suna zancen tarihi da asabiyya, ya kai masa kyautar Alƙur'ani da darduma da alewar Masar, ya kuma rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib da ya nema. Taimur ya sayi alfadarinsa, daga baya ya aika masa kuɗin har Alƙahira, amma ko da suka iso hannunsa ba su cika ba.

Abin da ya sami Dimashƙa kuwa kamar an buɗe babin zalunci na Muƙaddima ne ana karantawa. An yanka wa mutanen birnin dinari 1,000,000, suka tara, Taimur ya ce abin da yake nufi ya ninka haka sau 10. Aka bi gida-gida da azaba ana tatsa, sa'an nan aka saki sojoji suka washe garin, wuta ta ci har babban masallacin Banu Umayya, aka kwashe masu sana'a aka tafi da su Samarƙand.

Ibn Khaldun ya rasu a Alƙahira ran 17 ga Maris 1406, cikin watan Ramalan na 808, yana riƙe da alƙalanci, aka binne shi a maƙabartar Sufaye da ke bayan ƙofar Babun Nasr. Almajirinsa Al-Maƙrizi ya bi sawunsa, ya rubuta littafi a kan yunwar da ta auka wa Masar a waɗannan shekaru, inda ya ɗora laifin a kan sayar da muƙamai da tsadar hayar gonaki da yawan buga kuɗin tagulla.

BAYAN SHEKARA 500

Malaman daular Usmaniyya ta Turkiyya ne suka fara riƙe littafin da gaske, suna duba alamun tsufan daularsu a ciki. An buga shi da injin ɗab'i a Masar a 1857, aka fassara shi zuwa Faransanci, sa'an nan Franz Rosenthal ya fitar da shi cikin Ingilishi a 1958.

A 1974 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Arthur Laffer, ya zana wa wasu jami'an fadar Shugaba Ford wani lanƙwasasshen layi a wani gidan cin abinci a Washinton. Abin da zanen ke nunawa shi ne in hukuma ba ta aza komai ba ba za ta sami komai ba, in ta ce za ta karɓe duka ma ba za ta sami komai ba don ba mai yin aiki, saboda haka akwai wani wuri a tsakani da in aka wuce shi ƙarin haraji ragi yake jawowa. Laffer da kansa ya rubuta a 2004 cewa ba shi ya ƙago wannan tunani ba, ya ambaci Ibn Khaldun cikin waɗanda suka riga shi. Shugaba Ronald Reagan ma ya kafa hujja da sunansa a gaban 'yan jarida ran 1 ga Oktoba 1981. A zamanin Reagan an sauko da harajin masu samu mafi yawa daga kashi 70 cikin 100 zuwa 50, daga baya zuwa 28. Amma ragin bai biya kansa ba. Tun 1982 sai da Reagan ya sa hannu a dokar ƙara wasu haraji, bashin gwamnatin tarayya kuma ya kusa ninkawa sau 3 cikin shekara 8 da ya yi yana mulki.

A ganinmu an ɗauki rabin maganar malamin ne aka bar rabi. Shi yana bayanin daular da sarki ke ƙwace gona, ya sa aikin tilas, ya yi gasa da 'yan kasuwa, kuma bai taɓa yanka wani adadi ya ce daga nan ne haraji ke fara cin kansa ba. Neman wannan adadi shi ne aikin da masu bincike suka sa gaba. Tsakanin 1968 da 1982 an yi gwaje-gwaje a Amurka inda aka ba iyalai matalauta tallafin kuɗi da ke raguwa yayin da samunsu ke ƙaruwa, don a ga ko za su bar aiki. An tarar sun rage sa'o'in aiki, amma magidanta maza kaɗan suka rage, matan aure ne suka fi ragewa. A wajen masu kuɗi kuwa bincike ya nuna ba barin aiki suka fi yi ba idan haraji ya hau, sun fi sauya lokacin karɓar kuɗin ko sunan da za su kira shi a takarda. A 2011 Peter Diamond da Emmanuel Saez suka lissafa cewa a Amurka sai jimlar harajin da ke kan ƙarin samun manyan masu kuɗi ta kai wajen kashi 73 cikin 100 kafin ƙari ya fara rage abin da hukuma ke samu.

A ƙasashe masu tasowa, inda mutane da yawa ke cin gashin kansu kamar manoma da 'yan kasuwar zamanin Ibn Khaldun, abin ya fi fitowa fili. A 2013 Henrik Kleven da Mazhar Waseem suka duba takardun masu biyan haraji na Pakistan, inda a lokacin duk wanda samunsa ya haura wata iyaka ko da rufi ɗaya sai harajin dukan samunsa ya hau. Suka tarar mutane sun yi cincirindo a dab da ƙasan kowace iyaka, samanta kuma an bar giɓi, kuma masu sana'ar kansu, waɗanda ba wanda ke rubuta musu albashi, su suka fi yin haka.